Malaman makarantar Lahadi suna yawan fashi, yaya za a yi?

'Yar'uwa, kin ce malamanku na sa-kai a Zuru suna zuwa yau, gobe babu su, yara kuma sun yi yawa. Yawanci gajiya ce ke jawo haka, musamman da damina, lokacin da mutum ya wuni a gona har ranar Asabar. Kada a ɗora wa mutum ɗaya aji shekara guda cur. Ku sa malamai biyu a kowane aji, su riƙa karɓa-karɓa, a liƙa jadawalin a ƙofar majami'a. Ku raba yaran: ƙanana su ji labarin Dauda da Goliyat da waƙa, manya su buɗe Littafi Mai Tsarki da kansu, su haddace aya. Yaron da Hausa ba ta zauna masa ba, a maimaita masa da C'lela, yaren mutanen yankin Zuru.

Bulala kam a ajiye ta, tana korar yara daga sujada. Kuma kada babba ɗaya ya keɓe da yaro.

Sabon malami, fasto da dattawan ikilisiya su tantance shi tukuna. In kun ga alamar ana cutar da yaro a gida, a sanar da fasto da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.