Jan wardina yana koɗewa, in kai a yi masa laminatin?

Tambaya: Malam, ina zana furanni da fentin ruwa, masu ɗinkin zanin gado da rigar matashi suna kwafa. Yanzu jan wardina ya fara koɗewa, hankalina ya tashi. Wani ya ce in kai shagon kwamfuta a yi laminatin, wai ai aikin ado ne kawai. Ya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, kar ki kai. Batun "ado ne kawai" kuwa, rashin sani ne. Maria Sibylla Merian, Bajamushiyar da yau gidajen tarihi ke tattalin zanenta, littafin furanninta da ya fara fita a 1675 samfuri ne na masu surfani.

Laminatin shi ne abin da ya dame ni, don kullum sai an kawo mini wanda ya lalace. Kin san abin da ke riƙe launin a takarda ƙaro ne, irin na dakwara da ake tatsa a Borno da Sudan, kuma ɗan siriri ne a saman takardar. Injin nan zafi yake sa wa, gam ya narke ya shige cikin takardar, ya kama launin. Daga ranar babu mai iya ɓare ledar nan sai ta taho da furen. In akwai danshin damina a takardar, an kulle shi a ciki, sai ki ga ɗigo-ɗigo masu launin ruwan ƙasa sun tsiro ƙarƙashin leda, ba halin taɓawa. Kuma ledar ba ta hana koɗewa! Mai shago bai san wannan ba, shi katin shaida da zanenki duk ɗaya ne a wurinsa, ya karɓi kuɗinsa ya tura a inji. Masu shafa vanish ɗin katako da masu manna salatif a kusurwa, su ma ɓarna suke yi.

Haske ne ke cin jan. Jan fentin da ake kira alizarin crimson da fentin 'yan makaranta sun fi saurin gudu, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Ki sauke zanen daga bangon da rana ke bugawa. Ki sa shi a firam mai gilashi, da kwali marar asid a tsakani don kar takardar ta taɓa gilashin. Masu ɗinki kuwa, ki ɗauki hoton zanen ki buga musu kwafi. Shi za su iya yi wa laminatin ɗin in suna so.