Amsa: Wiwi tana karya ƙarfin maganin HIV?

Ɗan'uwa, ka ce kana kan maganin HIV kuma kana busa wiwi, kana tsoron ko tana kashe ƙarfin maganin. Wiwi ba ta cikin abubuwan da ke karya ƙarfin TLD, wato ƙwaya ɗayan nan ta kullum da yawancin mutane ke karɓa a asibitocin Legas. Saboda haka ko ka busa, kada ka tsallake magani, ka sha abinka a kan lokaci.

Inda take yin ɓarna shi ne mantuwa. Haka ƙanena ya yi a Agege, yakan busa da dare barci ya kwashe shi, ƙwaya tana aljihu. Da aka auna jininsa, yawan ƙwayar cutar ya haura 1,000, sai da ya yi wata 3 ana bibiyarsa kafin a sake gwaji. Ga hayaƙin yana cin huhu, mai HIV kuwa tarin fuka ba ya nesa da shi. Ita kuwa kolos, wato wiwin da ake haɗawa da sinadarai wadda samari ke yayi, ka yi nesa da ita. Ka faɗa wa likitanka gaskiya, lafiyarka zai duba, ba 'yan NDLEA zai kira maka ba.