Me ya haɗa maganin sankara da mindiryar yatsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ana yi wa mahaifiyata ƙarin ruwan paclitaxel saboda sankarar nono. Gashinta ya zube, yatsunta kuma suna mindirya. Likita ya ce wai tubulin maganin yake kamawa. Mene ne tubulin?
Daga wata mai karatu, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Tubulin furotin ne da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki. Sunan ba daga Hausa ya fito ba, amma aikin tubali yake yi. Iri biyu ne, alfa da beta, suke mannewa su zama tubali ɗaya mai tsawon nanomita 8 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Tubalan sukan jeru layi 13, su naɗe su zama siririn bututu mai kaurin nanomita 25. Bututun nan su ne ginshiƙan ƙwaya, su ne kuma hanyar da kaya ke bi a cikinta.

Ginin ba na dindindin ba ne, kullum ana ɗorawa ana rushewa. Idan ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafi kuromosom ɗinta 46, wato ƙunshin bayanan gadonta, bututun su miƙo daga ɓangarori biyu su kama su, sannan su gajarce su ja kowane kwafi zuwa gefensa. Paclitaxel yakan liƙe wa beta ya hana rushewar. Bututu ya sandare, rabuwa ta tsaya, ƙwayar sankara ta mutu.

Sai dai saiwar gashi da ɓargo su ma saurin rabuwa gare su, shi ya sa gashi ke zuba, fararen ƙwayoyin jini su ragu. Jijiyar da ke kai saƙon ji kuwa ba ta rabuwa, amma ta bututun nan take aika kayan aiki, kuma wadda ta tashi daga gadon baya zuwa yatsan ƙafa takan kai mita 1. Idan magani ya taɓa bututun, mai nisa ita ke fara jigata, shi ya sa yatsu ke mindirya.

Gashi yakan dawo bayan an gama magani. Mindirya ce abin lura, don takan ɗauki watanni, wani lokaci ma ba ta tafiya duka. In Hajiya ta fara kasa ɓalle maɓalli ko tana tuntuɓe, a gaya wa likita kafin ƙarin ruwa na gaba, zai iya rage adadin maganin. A riƙa gwada mata zafin ruwan wanka, a duba tafin ƙafarta kullum. Zazzaɓi kuwa in ya kai digiri 38, a kai ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.