Kiɗan asuba a majami'ar St. John the Divine: yadda za ka shirya

Malam, ka tambayi yadda ake halartar kiɗan asubar da ake yi a New York don murnar yini mafi tsawo a shekara, wanda ke faɗowa ranar 20 ko 21 ga Yuni. Paul Winter, mai busa saksofon, shi ke jagorantarsa a babbar majami'ar St. John the Divine da ke titin Amsterdam, daidai titi na 112. Ka duba ranar kafin ka sayi tikiti, domin ba lallai ranar kiɗan ta dace da ainihin yini mafi tsawon ba.

Ana farawa ƙarfe 4:30 cikin duhu, rana kuma tana fitowa wajen 5:25. Armashin abin yana tsakanin nan: tagogin gilashi masu launi suna bayyana sannu a hankali, na gabas ne ke fara ɗaukar haske. Wanda ya makara ya rasa rabin abin, shi ya sa nake cewa ka isa tun ƙarfe 4.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 1 yana aiki dare da rana, ka sauka a tashar Cathedral Parkway. Sai dai cikin dare yakan ɗauki minti 20 kafin wani ya zo, nan mutane ke makara.

Ginin dutse ne, tsawonsa mita 183, sauti yana daɗewa yana amsa kuwwa, har tari ko jan kujera kowa zai ji. Ka tafi da rigar sanyi mara nauyi. Wayarka kuma ka kashe ta ɗungurungum, haskenta kaɗai ya isa ya ɓata wa na kusa da kai duhun da suka zo dominsa.