Kan tambayar birkin faifai da birkin roba

Ɗan'uwa, ka ce za ka sayi keken gwanjo mai giya na hawan tudu, kana zirga-zirga tsakanin ƙauyenku da Wudil, kana tambaya birkin faifai, wanda ke matse faifan ƙarfe a tsakiyar taya, ko na roba, wanda ke matse gefen rim. Wallahi damuwarka tamu ce duka.

Abin da ke cin rai da birkin roba damina ce. Ka ratso taɓo, ka zo gangara da buhu a baya, ka matse hannu, keke ya ƙi ji. Ruwa ya kwanta a jikin rim, sai taya ta juya sau biyu ko uku kafin roba ta kama. Laka kuma ta cushe wajen takalmin birkin har taya ta daina juyawa. Ga yashi: yana maƙalewa a roba yana goge rim kamar samfefa, gefen ya yi ta sirancewa, wata rana ya tsage kana tafe. Sifok ɗaya ya karye ma, rim ya karkace, birki ya dinga shafa.

Faifai yana tsakiyar taya, nesa da taɓo, don haka ni shi zan ce ka ɗauka, amma mai waya. Ka guji mai amfani da mai. Idan iska ta shige shi hannun birki sai ya lotse har ƙarshe, kuma mai gyaran kekenku ba shi da kayan zuƙe ta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu ɗura masa man birkin mota su karɓi kuɗi. Birkin kamfanin Shimano man minaral yake sha, man birkin mota kuwa kumbura robobin ciki yake, birkin ya mutu gaba ɗaya. Allah ya isa! Shi mai waya kuwa, waya ta tsinke ka sa irin ta birkin roba.

Kafin ka biya, ka juya taya ka ga ko faifan ya lanƙwashe. Kaurin na Shimano sabo milimita 1.8 ne, idan ya kai 1.5 ya ƙare. Mai faɗin milimita 160 ya ishe ka, ƙasarmu shimfiɗe take. Galibi kusoshinsa shida ne, makullin T25 mai baki kamar tauraro ke kwance su, ka saya ka ajiye tare da alanki mai lamba 5. Ka cire takalmin birkin ka tafi da shi Kano ka sayo irinsa biyu, don siffarsu kala-kala ce.

Don Allah in kana zuba wa kaca baƙin mai ka rufe faifai da tsumma. Ɗigo ɗaya ya taɓa takalmin, sai ƙara, babu kamu.

In kuwa firam ɗin ba shi da mazaunin faifai, kar wani ya ce zai yi maka walda. Ka bar shi da robarsa, ka riƙa tsince yashin da tsinke.