Amsar muryar Hajiya kan kuɗin da POS ya riƙe

Salamu alaikum. Hajiya na saurari saƙonki, wai an cire miki kuɗi a POS bai fito ba, kin je banki sau uku ana ce miki ki dawo gobe, me za ki rubuta musu. To ni dai a ganina zuwan nan uku duk a banza kika yi shi, tunda da baki kika yi magana, maganar baki kuwa a banki iska ce wallahi.

Shafi ɗaya ya isa. Ki rubuta wa manajan reshen, ki sa sunanki da lambar asusu, ranar da abin ya faru da ƙarfe nawa, nawa aka cire, sai lambar RRN ɗin nan da ke jikin rasit ɗin mai POS, ki haɗa da hoton alat. Ki faɗi abin da kike so ƙarara, a maido min kuɗina. Kar ki tsaya labarin yadda kika sha rana a layi, ba mai karantawa. PIN kuma kar ki sa, ko su suka tambaya.

Amma abin da nake so ki riƙe, kwafi biyu za ki yi, su buga hatimi a naki su sa kwanan wata, su ba ki lambar ƙorafi. Ni nan aka cuce ni, na rubuta takarda mai kyau na miƙa wa wani yaro a kantar bankin, ya ce Alhaji ba damuwa, na dawo bayan wata guda aka ce wace takarda? Yaron ma an canza masa reshe, ina tsaye kamar maroƙi a kan kuɗina, har yau in na bi ta titin nan raina ɓaci yake, kuɗin buhunan masara ne fa na mutane ba nawa ba... to bar wannan dai.

Tun 2020 CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ta ce irin wannan na POS awa 72 ne a maido. In sun yi shiru ki kai ƙara CBN, af, ba nan take ba, sai kin ba su sati biyu tukun, sannan ki tura wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki, tare da kwafin nan mai hatimi. In ba shi za su ce ki koma bankinki ne.

Rasit ɗin dai yana nan ko? Ki ɗauke shi hoto yau ɗin nan, rubutun jikinsa gogewa yake.