Lambun maigidana ya zama daji, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Maigidana ya rasu a watan Mayu. Ya bar lambu a bayan gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi, akwai mangwaro, goba, lemun tsami, zogale da fangulan ganye. Shi kaɗai yake kula da shi. Ina cikin takaba damina ta sauka, yanzu na fita, ciyawa ta kai mini ƙugu. In na buɗe ƙofar baya sai gabana ya faɗi, in mayar in rufe. Ina koyarwa, ga yara uku. Ƙanen mijina ya ce a sare komai a zuba siminti, ni kuma zuciyata ta ƙi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙansa, ya sa bishiyoyin nan su zame masa sadaka mai gudana, ke kuma ya ba ki haƙuri.

Wata huɗu da kwana goma, kuma a ciki har da Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ya fi zuba a Kano. Ko lambun wa aka bari haka, abin da zai zama ke nan. Ba sakacinki ba ne. Amma zan faɗa miki abin da ba lallai ya yi miki daɗi ba: kada ki ɗora wa kanki mayar da lambun yadda marigayi ya riƙe shi. Shi ya auna shi daidai ƙarfinsa da lokacinsa. Ke naki za ki auna, kuma naki ƙarami ne a yanzu. Wannan ƙoƙarin na gyara duka lokaci ɗaya, shi ne yake sa ki rufe ƙofa.

Aikin farko ba naki ba ne. Ki nemi mai yankan ciyawa ya zo da laujensa da adda ya kwantar da ita ƙasa. In akwai masu kiwo a layinku, ki aika musu, sau da yawa su za su kwashe wa dabbobinsu. A hanzarta kafin ciyawar ta bushe ta zubar da iri, musamman ƙarangiya da tafasa, don abin da ya zuba bana shi zai tsiro baɗi. Mai yankan ya sa takalmi rufaffe, ya riƙa bugun ciyawa da sanda kafin ya sa hannu, saboda maciji da kunama. Yara kada su shiga sai an share. Kada a cinna wuta, gida ne, kuma wuta tana ƙona bawon bishiya. Da an buɗe wurin, a tsince duk gwangwani, tsohuwar taya da fasasshen bokiti. Sauro a ruwan da ya kwanta cikinsu yake ƙyanƙyasa, cikin mako guda zuwa kwana goma ya tashi.

Daga nan ki shiga da kanki, da safe, ba da fartanya ba. Ki tsaya ki duba kawai. Za ki ga mangwaron da gobar da lemun suna nan lafiyarsu ƙalau. Bishiyar da ta kafu ba ta neman komai a wurinki sai ruwa jefi-jefi da rani da cire busasshen reshe. Zogalen in ya yi tsawo ya wuce hannu, a datse shi daidai ƙugu, zai yi rassa ya cika da ganye a inda za ki iya tsinka. Abin da zan ce ki cire a wannan satin shi ne 'ya'yan darbejiya da suka tsiro ko'ina. Tun ƙasa tana da laima ki tumɓuke su, da yatsu biyu suke fita. In suka shekara, saiwarsu ta nutse, sai da gatari.

Sai ki zaɓi fangali biyu kacal, waɗanda suka fi kusa da famfo. Su ne lambunki. Alayyahu a ɗaya, wajen mako huɗu kin fara yanka. Ɗayan ki sa yakuwa ko salak, tunda sanyi na tafe kuma salak da sanyi yake kyau.

A waɗannan fangulan biyu ne za ki yi faɗa da ciyawa guda biyu da suka fi kowace naci, kuma nan nake so ki natsu. Kiri-kiri tana tafiya ne a kwance, sama da ƙarƙashin ƙasa, kowace gaɓa tana yin saiwa. In kika sassare ta da fartanya kika bar gutsattsarin a wurin, shuka ta kika yi. Aya-aya kuwa ta fi ta. Shekarar da na fara nawa lambun na yi wata guda ina cire ta, bayan kwana uku ta dawo kore shar kamar ban taɓa ba. Ran nan na tona da hannu a hankali, sai ga wani ɗan ƙullutu baƙi kamar aya, da siririn zare a jikinsa. Na bi zaren, ya kai ni ga wani ƙullutun, shi ma da nasa zaren. Ashe ganyen kawai nake tsinkewa, rumbun yana ƙasa. Don haka ki jiƙa ƙasar da yamma, da safe ki sassauta ta, ki bi da hannu ki fitar da ƙullutan da saiwoyin, ki shanya su a kan siminti rana ta kashe su. Ba za su ƙare a karo ɗaya ba, amma a fangali biyu abu ne mai yiwuwa. A fili duka, ba zai yiwu miki ba.

Sauran filin fa? Ki rufe shi. Ciyawa ba ta rayuwa babu haske. Ki karɓo kwalaye a wurin masu shago, a cire musu salatif, a shimfiɗa bakin wani a kan wani, a jiƙa, a zuba busasshen ganyen mangwaro ko ɓuntun shinkafa a kai, kaurin yatsu huɗu. Abu ɗaya: gara tana son kwali. Ki bar tazarar taku guda tsakaninsa da bangon ɗaki da gindin bishiya, ki riƙa ɗagawa kina dubawa. Maganin feshi ban ba ki shawararsa ba a gidan da yara ke wasa kuma ake tsinkar ganyen miya.

Lokaci kuma, minti goma sha biyar bayan la'asar ya isa, ban ruwa da tsinkar abin da ya tsiro. In lokacin ya cika ki ajiye, ko da saura. Hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne, ni kuwa ban ga inda na fi ganin haka da idona ba kamar lambu. Babban aiki, irin su shara da datse reshe, ki tara shi zuwa Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsabtar muhalli, tunda dama da safen kowa yana gida. Ki ba kowane yaro bishiya ɗaya ta zama tasa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa a tara a bokiti a kai wa bishiyoyin, amma ban da ruwan omo a fangalin ganye.

Game da ƙanen mijinki, kada ki ɗauki maganarsa da zafi, wahalarki ya gani. Ki ce masa ya ba ki zuwa damina mai zuwa. In yana son taimakawa, ya biya mai yankan ciyawar, ya kuma sa a yi miki 'yar siririyar hanya ta siminti daga ƙofar baya zuwa famfo, yadda za ki taka ki isa fangulanki ba tare da kin shiga ciyawa ba. Ki rubuto mini idan alayyahun ya isa yanka.